Shiga rumbun fayiloli na jami'a daga waje: abin da hanyar keɓe take iyawa, da abin da ba ta iyawa

1. Gabatarwa

Malamin jami'a ba kullum yake cikin jami'a ba. Da damana ta sauka, mai binciken noma yana gona, mai nazarin harshe yana ƙauye da na'urar ɗaukar magana, ɗalibin da ke rubuta memwar ɗinsa kuma ya koma gida Tasawa ko Madawa ko Matamai. Malamin da ke duba aikin nasa, sau da yawa yana Yamai, watau kusan kilomita 660 daga Maraɗi, ko kusan 900 daga Damagaram. Tun da aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a shekara ta 2010, wannan kai da komo ya ƙaru ƙwarai. A watan Maris na 2020 kuwa, da aka rufe makarantu sabili da cutar korona, kowa ya ga abin da ke faruwa in aikin mutum yana ciki, shi kuma yana waje.

A cikin wannan ɗan aiki za mu yi ƙoƙarin bayyana yadda ake kai ga fayilolin da ke ajiye cikin rezon jami'a daga wajenta. Ba jagoran danna nan, danna can muke rubutawa ba, domin kowace jami'a da nata tsari. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: hanyar da ake buɗe ma mutum ya shigo daga waje tana maganin izini da asiri, amma ba ta maganin nisa. Yawancin ɓacin rai da hasarar aiki daga rashin bambanta waɗannan abubuwa biyu suke zuwa.

Game da kalmomi: babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, wadda masu aikin ke ce ma sarbar, za mu kira ta rumbu. Fayil shi ne abin da muka saba ce ma fishiye, dosiye kuma shi ne jakar da ake tara fayiloli a ciki.

2. Don mi rumbu ke ɓacewa da an fita ƙofar jami'a

A biro, mutum ya kunna kwamfuta, ya ga dosiyen sashe kamar a cikin na'urarsa yake. A gaskiya yana wani ɗaki, cikin rumbu, kuma na'urorin biyu suna magana da wani harshe da ake kira SMB. An ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a farkon shekarun 1980, Microsoft ya ɗauka ya sa cikin Windows. A 1992 wani ɗalibi a Kanbera, ƙasar Ostareliya, mai suna Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da daga baya aka sa ma suna Samba, wadda ta sa na'urorin Unix da Linux suka iya wannan harshe. Shi ya sa jami'a mai ƙaramin ƙarfi take iya kafa rumbu da tsohuwar kwamfuta, ba tare da sayen lasisi ba.

To, in mutum ya koma gida ya nemi wannan dosiye, sai na'ura ta ce ba ta san shi ba. Dalilai biyu ne.

Na farko, adireshi. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce miliyar 4 da ɗan wani abu ba, bai isa kowace na'ura ta duniya ta samu nata ba. Sabili da haka a 1996 aka tabbatar da wasu lambobi da aka keɓe don cikin gida kawai, irin waɗanda ke farawa da 10, ko da 192.168. Kowace ma'aikata tana iya amfani da su, amma ba su da ma'ana a waje. Kamar ka rubuta ma mutum wasiƙa ka ce a kai ta « ɗaki na huɗu », ba ka faɗi gida ba, ba ka faɗi gari ba. Rumbun jami'a galibi irin wannan adireshi gare shi.

Na biyu, ganuwa. Ko da an ba rumbu adireshin da duniya ke gani, akwai katangar tsaro tsakanin rezon jami'a da intanet, kuma kowane irin aiki da ƙofarsa mai lamba: shafukan yanar gizo masu tsaro ta ƙofa ta 443 suke bi, SMB kuwa ta 445. Wannan ƙofa ta 445 rufe ta ake yi da gangan. Malamai da yawa suna ganin ƙeta ce ta masu kula da rezo, ko son nuna iko. Ba haka ba ne. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wani rauni na tsohon SMB, ta ƙofar nan ta 445, ta shiga kwamfutoci fiye da 200.000 a ƙasashe kimanin 150. Tana shiga sai ta kulle fayiloli, ta nemi fansar dalar Amurka 300. Asibitocin Ingila da dama sun tsai da aiki. Abin takaici, Microsoft ya riga ya fitar da maganin raunin tun watan Maris na wannan shekara; waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba. Duk wanda ya san irin tsofaffin kwamfutocin da ke birorinmu, da irin Windows ɗin da ke cikinsu, zai gode ma wanda ya rufe wannan ƙofa.

3. Hanyar keɓe

Tun da ba a buɗe ƙofa ga kowa, sai a yi ma mutanen gida wata hanya tasu. Ita ce ake kira VPN, mu kuma za mu ce hanyar keɓe. Ga yadda take aiki. Ana sa wata ƙaramar manhaja cikin kwamfutar malami. In ya kunna ta, sai ta nemi wata na'ura da ke tsaye a bakin ganuwar jami'a kamar mai gadi. Malami ya ba da sunan shigarsa da kalmar sirri. In mai gadi ya yarda, sai ya ara ma kwamfutar adireshin cikin gida. Daga nan duk saƙon da za ta aika ma rumbu, sai a juya shi zuwa wani irin zaurance da ba mai ganewa sai na'urorin biyu, a sa shi cikin ambulan mai ɗauke da adireshin jami'a na waje, a aika ta intanet. Mai gadi ya buɗe ambulan, ya warware zaurancen, ya miƙa ma rumbu. Shi rumbu a ganinsa malamin yana nan cikin biro.

Manhajojin wannan aiki suna da yawa. OpenVPN, wadda James Yonan ya fitar a 2001, kyauta ce kuma ta yaɗu a jami'o'i. WireGuard ta Jason Donenfeld ta fi ta sauƙi, an shigar da ita cikin zuciyar Linux a 2020, kuma tana jure sauyin rezo, misali in waya ta tashi daga wannan antan ta koma waccan. Wata tsohuwar hanya mai suna PPTP har yanzu ana samunta cikin wasu na'urori, amma an daɗe da fasa zaurancenta, bai kamata a dogara da ita ba.

A nan tilas mu gyara wani kuskure. Ɗalibai da yawa sun san kalmar VPN daga manhajojin kyauta da ake saukewa cikin salula don buɗe shafin da aka toshe. Dabarar ɗaya ce, amma ƙarshen hanyar ba ɗaya ba ne: waccan tana kai ka gidan wani kamfani a wata ƙasa, ba ta kai ka jami'a. Ba ta buɗe rumbu ko kaɗan, kuma in an kunna su tare sai su riƙa tuntuɓe da juna.

Bayan hanyar ta haɗu, ba a gama ba, sai an nemi dosiyen da kansa. A Windows ana rubuta karan baya biyu, sa'an nan sunan rumbu, sa'an nan sunan dosiye. A Mac da Linux ana farawa da smb://. Matsaloli biyu muka fi gamuwa da su a wannan gaɓa. Wani lokaci kwamfuta ba ta gane sunan rumbu daga waje, alhali in an rubuta lambar adireshinsa sai ya buɗe. Wani lokaci kuma ɗan akwatin wifi na gida yana amfani da lambobi iri ɗaya da na jami'a, misali dukansu 192.168.1; sai kwamfuta ta riƙa neman rumbu cikin falon mai gida. Wannan ta biyu tana sa mutum ya kwana yana zargin kalmar sirrinsa, alhali ba laifinta. Maganin shi ne a sauya lambobin akwatin gida.

4. Nisa

Yanzu mun zo inda maganar take. Hanyar keɓe ta sa rumbu ya ɗauka malami yana kusa. Waya da iska ba su ɗauka haka ba.

Abubuwa biyu ne ke auna saurin rezo, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Na farko shi ne faɗin hanya, watau yawan kayan da ke iya wucewa cikin daƙiƙa guda; shi ne kamfanonin waya ke talla da shi. Na biyu shi ne jinkirin kai da komo, watau lokacin da saƙo ke yi ya je, amsa ta dawo. Cikin jami'a wannan jinkiri bai cika wuce kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Ta rezon salula yana iya ninka haka sau ɗari ko fiye. In kuwa hanyar ta bi ta tauraron ɗan Adam irin mai tsayawa wuri guda, wanda ke nisan kilomita 35.786 sama da ƙasa, tafiya da dawowa kawai suna cin rabin daƙiƙa, kuma ba kuɗin da zai rage wannan, don gudun haske ne ya yi iyaka.

SMB kuwa harshe ne mai yawan surutu. An gina shi don na'urorin da ke gini ɗaya. Kafin ya buɗe fayil guda sai ya tambaya: akwai shi? nawa ne girmansa? wa ke da izini? wani na riƙe da shi? Tambayoyi da yawa kuma sai amsar wata ta dawo kafin a aika ta gaba. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: a ce buɗe dosiye na bukatar tambaya da amsa 200 a jere. A biro, kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa ya isa, mutum ba ya ma lura. In kowace tana cin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa, minti guda cur ke nan, kafin a karanta ko harafi ɗaya. Kamar mai aiken yaro kasuwa ne, ya sayo gishiri ya dawo, sa'an nan a ce ya koma ya sayo tonka, ya dawo, a ce saura daddawa. Ko an ba yaron babbar amalanke ba ta rage komi ba. Sabon SMB da ya zo tare da Windows Vista a 2006 ya rage umurnan daga sama da 100 zuwa 19, kuma yana iya haɗa tambayoyi da dama cikin aike ɗaya. An samu sauƙi, amma halin yana nan.

Jinkiri ma da sauƙi, ana haƙuri da shi. Yankewa ita ce mai ɓarna. Mutum ya buɗe babinsa kai tsaye daga rumbu, yana rubutu, rezo ya ɗauke daidai lokacin da manhaja ke ajiyewa: yana iya tarar da fayil rabi sabo rabi tsoho, ko wanda ya ƙi buɗewa sam. Ko kuma fayil ya tsira amma alamar kulle ta zauna. Word da LibreOffice suna ajiye wani ɗan ɓoyayyen fayil da ke cewa « wane na aiki a kai », kuma in an rabu ba sallama yana iya zama nan, ya hana abokan aiki gyara har sai an share shi. Mun taɓa ganin takardar da mutum huɗu ke jira ta kwana uku a kulle da sunan wanda ke cikin mota tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi.

Kada kuma a manta da ɗaya ƙarshen. Abin da malami ke saukewa a gida, jami'a ce ke ɗora shi, kuma hanyoyi da yawa sun fi faɗi wajen saukewa bisa ga ɗorawa. Sa'an nan dole rumbu da mai gadi da akwatin intanet duk su kasance a kunne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma kuran ke yawan ɗaukewa, rumbun da ba shi da ondular ko batir na hasken rana yana kwana a mace, musamman daren Juma'a zuwa Litinin, daidai lokacin da aka fi nemansa daga gida. Jami'ar da ta sayi manhajar hanyar keɓe ba ta tanadi wuta ba, ta sayi kwado ne ta rasa ƙyaure.

5. Yadda ya fi dacewa a yi aiki

Shawararmu ita ce kada a yi aiki cikin rumbu daga nesa. A haɗa hanya, a kwafo fayil zuwa kwamfuta, a yanke, a yi aiki, a sake haɗawa a mai da shi. Wannan ba sabuwar dabara ba ce a ƙasarmu. A farkon shekarun 1990, kafin intanet ya zo ma jama'a, masu bincike a Yamai suna aika wasiƙun lantarki ta rezon RIO na cibiyar ORSTOM, wadda aka sake ma suna IRD a 1998. Saƙonni taruwa suke yi cikin na'ura, sai lokaci ya yi ta kira takwararta, su yi musaya, su kashe. An gina tsarin bisa sanin cewa layi na da tsada kuma yana yankewa. Layin ya yi araha yanzu, amma bai daina yankewa ba.

Akwai kayan aikin da aka yi don haka. SFTP yana tafiya bisa SSH, wanda Tatu Ylönen ya rubuta a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a rezon jami'arsu. Da manhaja irin FileZilla ko WinSCP, in kwafi ya yanke a tsakiya ana iya ci gaba daga inda ya tsaya. A lura, ba ɗaya yake da tsohon FTP ba, wanda ke aika kalmar sirri a fili kamar rubutu a bayan ambulan. Akwai kuma rsync, wanda Tridgell ɗin nan na Samba da Paul Mackerras suka fitar a 1996: yana gwada kwafin nan da na can, ya aika abin da ya sauya kaɗai. Jami'o'i da yawa kuma sun koma ga manhaja irin Nextcloud, da aka fara a 2016, wadda ke zaune cikin rumbun jami'a, ana shigarta ta shafin yanar gizo ko ta salula, kuma tana daidaita dosiyen kwamfuta da na rumbu duk lokacin da ta samu rezo.

Girman fayil shi ke nuna abin da za a zaɓa. Memwar mai shafi 100, in ba ta cika hotuna ba, ba ta wuce ƴan megabayit. Hirar awa guda da aka ɗauka ba a matse ba, da murya ɗaya, a ingancin faifan CD, tana kai megabayit 300 da ƴan kai; a hanyar da ke ɗora megabit 1 a daƙiƙa, minti 40 ke nan da ɗoriya, in ba ta yanke ba, kuma forfen mai binciken ne ke ƙarewa. Wanda ya dawo daga ƙauye da hira 30, gara ya jira ya shigo jami'a ya zuba su ta waya. Kafin nan ya riƙe kwafi biyu a wurare biyu.

Daidaita kwafi na da nasa haɗari, kuma ba a cika faɗa ba. In ɗalibi da malaminsa suka gyara babi ɗaya, kowa a gidansa, manhaja ba ta san wanda ya fi gaskiya ba. Sai ta ajiye biyun, ɗaya da alamar « saɓani », wanda sau da yawa ba mai dubawa. Haka kuma abin da aka share a nan, za a share shi a can. Daidaitawa ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Ita wannan sai an yi ta dabam, a faifan da ba kullum yake haɗe da rezo ba.

Wata ƴar magana da ta shafe mu masu rubutu da Hausa: sunan fayil. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin Unicode, kuma sababbin na'urori na karanta su lafiya. Amma in fayil ya bi ta tsohuwar manhajar matsewa ko tsohon rumbu, « ƙamus » na iya fitowa da alamar tambaya a madadin harafin farko, wani lokaci ma daidaitawa ta tsallake shi shiru. Ba mu jin daɗin faɗin haka, mu da muka sha gwagwarmayar a rubuta waɗannan haruffa daidai, amma a sunan fayil gara a bar su, a bar hamza, a fara da shekara da wata da rana. Cikin rubutun kansa kuwa ba a taɓa su.

6. Wa ke riƙe da mabuɗi

Da an buɗe hanyar keɓe, ganuwar jami'a ta kai har cikin ɗakin kowane malami. Kwamfutar gida da yara ke sauke wasanni a kanta, ko kile ɗin da ya zagaya shagunan buga takardu na bakin kasuwa, duk sun zama na cikin gida. Manhajar neman fansa da ta shiga irin wannan kwamfuta tana kulle duk dosiyen da mai ita ke da izinin gyarawa, har da na rumbu. Don haka izini ya kamata ya tsaya iyakar bukata: ɗalibi ya ga dosiyensa da na darussa, kada ya ga na maki, wanda karatu kawai zai yi, kada a ba shi ikon gyara.

Abin da ke cikin rumbu ba namu kaɗai ba ne. Akwai makin jarrabawa, akwai tambayoyin da ba a riga an yi ba, akwai muryoyin mutanen da suka yarda suka gaya muna zancen gado da rikicin gona da ciwon da ke cikin gidajensu, bisa alkawarin ba za a ji daga bakinmu ba. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, amma alkawarin ya girmi dokar.

A nan al'adarmu ta kunya ke shigowa. Da wuya ƙaramin malami ya hana babba kalmar sirrinsa, da wuya malami ya ƙi ba ɗalibin da ke taimakonsa, kuma a sassa da yawa suna ɗaya da kalma ɗaya duk biro ke shiga da su. Ranar da fayil ya ɓace, ba a san wanda ya taɓa shi ba, sai zargi ya faɗa kan mafi ƙanƙanta. In kowa na da sunansa, kuma aka ƙara lamba ta biyu da ke zuwa ta salular mai shi duk lokacin shiga, an ɗauke ma mutane nauyin cewa a'a, tun da kalmar kaɗai ba ta buɗe komi. Sauran aikin na sakatariyar sashe ne: duk ƙarshen shekara ta miƙa ma masu kula da rezo sunayen waɗanda suka gama, da waɗanda aka sauya ma wurin aiki, da malaman da suka zo koyarwa na ɗan lokaci suka koma, don a rufe hanyarsu bayan an ba su wa'adin kwashe abin da yake nasu.